Haƙoran Ƙarfe a Bisa Kwali

Motar ta iso Tawa da hantsin wata Litinin, babu kowa a cikinta sai direba da aparantinsa, abin da ba ta saba ba. Tsohuwar Toyota Hilux ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ƙauyukan gundumar Barmu, arewa maso gabas da birnin, suka dogara da ita a kan kusan komai. Ita ce ke kai buhunan gero da wake da awaki kasuwar Lahadi ta Tawa, ita ce ke komawa da gishiri da sukari da kwanon rufi, kuma idan naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, ƙofar direbanta ake bugawa. Wanda ya leƙa gabanta a wannan rana zai ga wani abu da zai ba shi dariya in bai san ma'anarsa ba: igiyar roba da aka yanko daga tsohon tiyub, an ɗaura bakinta ɗaya a sandar bitas, ɗayan kuma an maƙale shi a wani ƙarfe can gaba.

Wata biyu ke nan bitas ta uku ta daina zama. Muddin ana ba mota wuta tana nan, da an sassauta ƙafa kuwa sai sandar ta yi tsalle ta koma tsakiya. Ta biyu ba ta shiga sai da ƙara, irin ƙarar nan da ke sa fasinja ya runtse ido. Direban, magidanci ɗan shekara talatin da ƴan kai, ya san da wannan duka, amma ya yi ta ɗaga zancen gyara daga wannan kasuwa zuwa waccan, domin kaka ce, lokacin da mota ke biyan bashin shekara. Motar ma ba tasa ba ce shi kaɗai. Kamar yawancin dukiyar Adar, gumin bida ce: wansa da ya daɗe a Abijan ne ya aiko da kuɗin sayenta, kuma gida uku ke ci daga cikinta.

Abin da ya kawo shi garaji ya faru ne a wani gangaren dutse da ke sauka cikin ƙorama. Mota cike, mutane a bisa kaya, ya sa ta uku domin inji ya riƙe masa nauyi, sai robar ta tsinke, bitas ta fice. Daga nan sai birki kaɗai da lodin da ya fi ƙarfinsa. Allah ya sa rairayin ƙoramar mai zurfi ne, shi ya tare su. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai wata tsohuwa ta sauka ta ɗauki ƙunshinta ta ce sauran tafiyar da ƙafa za ta ƙarasa.

Ya kamata a daidaita harshe da mai karatu kafin a shiga garajin. Abin da kanikawan Tawa ke kira «buwat» daga Faransanci ya zo, wato boîte de vitesses. Da an tsallaka Ƙonni zuwa Illela da Sakkwato sai sunan ya koma «giyabos», bitas kuma ta koma «giya», kalmar da kan sa dattawan wannan gefe murmushi. Aikinta musanya ne: inji yana da saurin juyi amma ba shi da ƙarfin tayar da mota daga tsaye, don haka buwat ke karɓar saurin ta mayar da shi ƙarfi a bitas ta ɗaya da ta biyu, sannan ta riƙa sakin ƙarfin tana ƙara gudu. A cikinta akwai sandunan ƙarfe, a jikinsu an jera ƙafafu masu haƙora da ake kira «finyo», bibbiyu, haƙori cikin haƙori, duka suna wanka cikin mai mai kauri. Direba na iya yin shekara goma da mota bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai garajin ya haura sittin. Ya shiga aikin yana yaro a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ake shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, hanyar yuraniyom mai sama da kilomita 600, manyan motocin Berliet da Mercedes suka cika garin. A jikin Peugeot 404 bashe ya koyi aiki, daga baya ya rayu da 504, wadda da yawanta daga masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 suke shigowa. Bai taɓa zama a bencin lakwal ba, iyakarsa makarantar allo. Da direban ya gaishe shi ya fara bayani, sai ya ɗaga masa hannu.

«Bari, ɗana. Ita za ta faɗi da bakinta.»

Ya sa aka tayar da inji, sanda tana tsakiya, ya saurara. Ya sa aka taka amburayaj, ya sake saurara. Sannan ya shiga gaba suka zaga bayan gari. Akwai wani gurnani da ke bin motar a ta ɗaya da ta biyu da ta uku, amma da an shiga ta huɗu sai ya kwanta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna masa unguwar da ciwon yake. A irin wannan buwat, bitas ta huɗu tana haɗa sandar shiga da ta fita kai tsaye, ƙarfin inji ba ya bi ta sandar ƙasa. Gurnanin da ya yi shiru a ta huɗu, to, a sandar ƙasa ko a rulman da ke ɗauke da ita yake kwana.

Da suka dawo bai taɓa kile ba sai da aka kawo farar tasa ta langa. A cikinta aka tsiyaye man buwat, kuma abin da ya fito bai kai rabin abin da ya kamata ba. Ya shinshina: ƙauri. Ya ɗauki murfin tsiyaya, wanda ke da maganaɗisu a bakinsa, ya shafa da yatsa. Baƙin laushi mai kama da kwalli ba abin tsoro ba ne, duk ƙarfen da ke gogar ƙarfe sai ya zubar da shi. Amma a cikin laushin akwai ƴan gutsattsari da ake ji a yatsa kamar tsakin gero, waɗannan kuwa daga jikin wani abu suka ɓalle. Sai ya fita da tasar rana ya karkata ta, ga man yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya. Maganaɗisu ba ya kama tagulla, don haka ita a cikin mai take yawo, kuma a buwat tagulla ba ta da yawa in ba a zobban daidaita gudu ba. A bisa kwankwason buwat ɗin ya sami ɗan hancin da take numfashi ta cikinsa, ƙura ta toshe shi tam. Buwat da ba ta numfashi, in ta yi zafi, ta bakin robobinta take fitar da mai. Ga inda rabin man ya tafi, sannu a hankali, a kan rairayin hanyoyin Barmu.

Washegari aka sauke ta. Aka shimfiɗa babban kwali a gindin dogon yaro, aka danne kusurwoyinsa da duwatsu, aka ajiye tsohon zane kusa domin rufewa idan iskar hunturu ta taso da ƙura. Kowane ƙarfe da ya fito, a jere ake kwantar da shi yadda ya fito, fuskar da ke duban gaba tana duban gaba. Ƴan siraran zobba da wasali kuwa a waya ake zura su kamar tasbaha, domin biyu daga cikinsu na iya kama da juna a ido alhali kaurinsu ya bambanta. Aparantai biyu suka wanke komai da gazuwal da tsohon burushi. Ƙarfen da ba a wanke ba ba a yanke masa hukunci, baƙin mai yana rufe aibi yadda kwalliya ke rufe tabo.

Akwai wata ƙa'ida a garajin da direbobi ba su so: mai mota sai ya zauna. An ajiye masa benci da shayi, amma ba zai tafi ba har a gama dubawa. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san sana'ar. Da zarar an rufe buwat an ɗaure kusoshinta, babu mai sake ganin cikinta sai Allah. Bakanike na iya mayar da mataccen ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo. Yana kuma iya kashe mai rai da baki, ya ce a saya, sannan ya sayar da tsohon ga wani. Duka biyun ana yi, kuma ba a Tawa kaɗai ba. Maganin da dattijon ya samo shi ne ido: a duba a gaban mai abu, duk abin da aka yar kuma a zuba masa a buhu ya tafi da shi gida.

Da rulma ya fara, wato zobban nan masu ƙwallaye a ciki waɗanda sanduna ke juyawa a kansu. Yakan ɗiga wa kowane ɗan mai, ya zura yatsu biyu a tsakiya, ya juya a hankali yana kallon wani wuri dabam, kamar mai sauraron magana daga nesa. Lafiyayye yana tafiya sumul. Mai ciwo kuwa ana jin kamar akwai yashi a cikinsa, ko ya riƙa tuntuɓe a wuri ɗaya. Wani aparanti ya ɗauki ɗaya ya fyaɗa shi da tafin hannu don ya ji kukansa, dattijon ya daka masa tsawa, domin busasshen rulma ko sabo ne sai ya yi kuka, kuma juyin banza yana ji masa ciwo. Na gaban sandar ƙasa ya fito da laifi, har jikinsa ya yi shuɗi-shuɗi, alamar ya sha zafi cikin ƙishirwa. Gangar jikin buwat ɗin ma ba a ƙyale ta ba. Inda ya yi zargin tsaga kusa da wata kusa, ya sa aka jiƙa wurin da gazuwal, aka goge tas, aka shafa garin alli. In da tsaga, man da ya ɓuya a cikinta zai fito ya ja layi a kan farin. Allin ya zauna fari.

Sai aka zo kan zoben tagulla na bitas ta biyu, wanda ake kira «sankuro». Wannan ɗan abu, da bai fi awarwaron yarinya ba, shi ne ya raba tuƙin yau da na da. Kafin kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa irin wannan dabara a motocinsa a 1928, direba da kunnensa da ƙafarsa yake daidaita gudun finyo da na sanda kafin ya sa bitas. Tsofaffin direbobin manyan motoci har yanzu suna tuna taka amburayaj sau biyu. Zoben yana da ƴan siraran zane a cikinsa. Idan direba ya tura sanda, zoben ne ke fara rungumar wuyan finyo, zanen ya yanke man da ke tsakani, ya kama, ya tilasta wa finyon ya zo gudu ɗaya da sandar, sannan makulli ya zame ya shiga ba hayaniya. Tagulla aka zaɓa da gangan, don ita ta ci maimakon ƙarfe mai tsada.

Dattijon ya ɗora zoben a wuyan finyo, ya danna, ya murɗa. Maimakon ya kama, sai ya zame kamar an shafa masa man shanu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun ruwan zarton ƙarfe, ya gwada cusa shi a ratar da ke tsakanin zoben da finyon. Bai shiga ba.

«Wanga ya suɗe,» in ji shi.

A nan ne babban aparantin garajin ya matso. Saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, ya kai aji na ƙarshe a kwaleji, ya zauna jarrabawar BEPC sau biyu bai samu ba, ubansa ya kawo shi nan yana mai cewa ko hannu zai yi abin da kai ya kasa. Yana da littafin gyaran wannan mota da Faransanci a cikin wayarsa, yana kuma da ƴan siraran ganyayen ƙarfe na awo, kowane da lambar kaurinsa. Ya auna, ya duba littafi, ya ce ratar ta gaza iyakar da aka rubuta. Littattafan irin waɗannan motoci suna ba da iyakar da ba ta kai milimita 1 ba, shi kuwa ruwan zarton hannu kaurinsa kusan kashi biyu cikin uku na milimita ne. Wato dattijon, ba tare da ya taɓa karanta shafin ba, ya yi shekara arba'in yana yawo da kusan lambar nan a aljihunsa. Bai yi mamaki ba. Ya ce wa yaron ya ci gaba da awonsa, shaida biyu ta fi ɗaya.

Ciwon bitas ta uku ya fi ɓuya. Direban ya ɗauki finyon ya jujjuya manyan haƙoransa masu karkata, ya ce shi bai ga komai ba, kuma gaskiyarsa, lafiyarsu lau. Waɗannan haƙora kullum a sarƙe suke da na abokinsu, ba su shiga ba su fita, don haka ba su ne ke ƙara ba idan an sa bitas da gaggawa. A gefen finyon akwai wani zagaye na ƴan ƙananan haƙora masu tsini, su ne makulli ke hawa ya riƙe. Masu ƙera su sun yi musu ɗan ƙugu, ta yadda ƙarfin inji kansa ke jan makullin ciki. A wannan finyo tsinin ya tafi, ƙugun ya miƙe, har ya fara komawa gangare. Abin da aka yi don ya ja ciki ya koma yana turawa waje. Gwafar da ke tura makullin, wadda kanikawa ke kira «furshet», ita ma yatsunta sun sirance, sun yi ƙyalli. Dattijon ya dubi direban.

«Kana tuƙi da hannu bisa sanda, ko?»

Direban ya sunkuyar da kai. Nauyin hannu kaɗan ne, amma yana danna gwafar a jikin makullin da ke juyawa, kilomita bayan kilomita. Igiyar robar kuwa, wadda ya ɗauka magani ce, aikin hannun take yi dare da rana, da ƙarfin da ya fi na hannu.

Duk wanda ya zauna a bencin nan ya kasa kunne zai lura da wani abu. Sunayen da ke kan kwalin duka baƙi ne: buwat, finyo, rulma, sankuro, furshet. Da mota suka zo, kuma da ita za su zauna. Amma hukuncin da ake yanke musu, babu kalmar aro ko ɗaya a cikinsa. Ƙarfe ya ci, wato ya ragu amma yana nan da siffarsa. Ya suɗe, wato zanensa ya shafe kamar ƙwaryar da aka lashe. Ya dakushe, tsininsa ne ya tafi. Ya ɓantare, wani yanki ya fita lokaci guda, kuma dole a nemo inda yankin ya faɗa. Ya kwarzane, wani baƙon abu ya bi ta kansa ya ja layi. Ya gwiguye, an yi ta cizonsa kaɗan-kaɗan. Ya ƙone, ya tsage, ya lanƙwashe, yana girgiɗi. Akwai kuma zanzana, ƴan ramukan nan da ke fitowa a fuskar haƙori kamar tabon agana. Waɗannan kalmomi sun girmi mota a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. A maƙera aka san su, da wurin sassaƙar turmi, da bakin rijiya inda igiya ke cin itace, da bakin tsoho inda haƙori ke girgiɗi kafin ya faɗi. Kowace a cikinsu tana ɗauke da sanadinta da kuma farashinta: abin da ya ci yana iya komawa, abin da ya suɗe ba ya komawa, abin da ya ƙone kuma yana tuhumar mai, ba direba ba.

Kada a yi wa Faransanci rashin adalci, shi ma yana da kalmominsa na wannan fanni, piqûre da écaillage da grippage da sauransu. Sai dai a makarantun fasaha ake koyar da su. Faransancin da kwaleji ta sallami saurayin nan da shi bai wuce usé da cassé da gâté ba. Lambobi ya samu a littafi, idon da zai bambanta ciwo da ciwo kuwa da Hausa ake ba shi, a gindin dogon yaro. Malaman da suka yi masa jan biro a kan rubutun insha'i da za su ga tsohon littafinsa na aji, wanda ya mayar na garaji, da sun tsaya: shafi-shafi, ga sunan ƙarfe, ga awonsa, ga kuma kalmar da maigidansa ya faɗa a kansa, an rubuta da boko, ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ a wurarensu, alhali ba wanda ya taɓa ba shi maki a kan haka.

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram a 1973, ake ta zaman ƙirƙiro kalmomi a Nijar, kuma bayan da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, zancen ya sake tasowa. Yawancin wannan ƙoƙari a kan sunaye yake ƙarewa. Za a iya kiran buwat «akwatin sauya gudu», babu laifi, amma direban Barmu buwat zai ci gaba da cewa, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa. Inda asarar take shi ne a wancan gefe. Kanikawa masu tasowa da yawa kalma biyu ta ishe su: ya lalace, a canza. Ba su buɗe buwat, sai dai su sauke ta ɗungum su ɗora wata ta kas. Wanda bai da kalmar da zai raba «ya ci» da «ya suɗe» ba zai daɗe yana ganin bambancin ba, kuma mai mota ne ke biya, ko da aljihunsa ko a gangaren dutse.

Da la'asar kwalin ya rabu uku. Ga waɗanda za su koma, su ne mafi yawa. Ga waɗanda suka mutu: zoben ta biyu, finyon ta uku tare da makullinsa, domin sabon finyo a bakin tsohon makulli bai daɗewa, sai gwafa, sai rulma, sai robobin mai. A tsakiya kuma abu ɗaya tak ya rage, sandar ƙasa, wadda finyoyinta a jikinta suke, ba a raba su. A haƙoran ɗaya daga cikinsu akwai zanzana, ba ta yi yawa ba, amma farce yana tsayawa a cikinta. Ita ce mafi tsada a duk abin da ke cikin buwat.

Kayan gyara a Tawa suna da nasu tarihi. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabon ƙarfe na asali ya fi ƙarfin yawancin masu motocin ƙauye, kasuwa ta koma ta tsofaffin kayan Turai da ke sauka Kwatano, da na Ƙofar Ruwa a Kano, da na kwaikwayo masu kyan kwali. Rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara tsananta abin. Iyakar Najeriya ta buɗe a Maris 2024, hanyar Kwatano kuwa ta daɗe a toshe, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome. Direban ya ƙirga jikkunan da ke aljihunsa, ya ga ko tulin matattun ba za su saya ba.

«Baba, a taimake ni. A ɗana wa ƙananan haƙoran nan walda a goge da magagari, ta kai ni ƙarshen kaka. In na samu, in dawo.»

Ana yin haka, kuma dattijon ya san masu yi. Ya ɗauki finyon ya ƙwanƙwasa shi da kile. Ƙarfin finyo a fatarsa yake, wata taurarriyar fata da ba ta wuce kaurin milimita guda ba, cikinsa kuwa da ɗan taushi domin kada ya fashe. Wutar walda tana kashe wannan tauri. Haƙorin da aka gina da ita zai yi kyau a ido, ya riƙe na ƴan makonni, sannan ya saki ba sallama, kuma ba shi ne zai zaɓi wurin da zai saki ba.

«Ɗana, in kai kaɗai ka shiga cikinta, sai in yi maka. Mutum nawa ka ɗauko ran da robar ta tsinke?»

Direban bai amsa ba. Da magariba ya aika wa wansa saƙon murya ta WhatsApp, tare da hoton kwalin da saurayin ya ɗauka, tuli uku a jere. Kuɗin da suka iso bayan kwana biyu sun isa matattun, ba su isa sandar ƙasa ba.

Dattijon da kansa ya tafi wurin masu kayan kas, guntun zarto a aljihu, saurayin a bayansa da ganyayen awo. Zobe uku aka miƙo masa, ya mayar da biyu. Wani sabo fil a cikin leda ya ɗora shi a wuyan finyo ya ga yana rawa, bai zauna daidai ba, ya ajiye ya ɗauki tsoho na asali wanda zanensa ke nan da kaifi. A kan sandar ƙasa ya fi daɗewa. Ya sake wanke ta, ya kai ta rana, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da farce. Zanzana ba ta warkewa, inda fata ta huje nan za ta ci gaba da faɗaɗa. Amma ba ta sakin bitas a gangare. Gurnani za ta fara yi, ta daɗe tana yi, kuma mai kunne zai ji. Wannan bambanci ne ya sa ta koma ciki, ba rahusa ba. Ya gindaya sharuɗɗa uku a gaban aparantai don su zama shaidu: a rage lodi, a duba mai duk ranar kasuwa ta huɗu, a kuma dawo da motar kafin ruwan farko a sake karanta maganaɗisu.

Ranar Asabar aka ɗora buwat. An huda hancin numfashin, an zuba sabon mai har ya leƙo bakin rami. Saurayin ya kwance ragowar robar daga ƙarfen gaba ya jefa a buhun matattun kaya, direban ya ɗora buhun a baya. A littafin, ƙarƙashin kwanan wata, an rubuta: sandar ƙasa, finyo na biyu daga gaba, zanzana a haƙori biyar, ta koma.

Hunturu ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, gajimare ya fara taruwa ta gabas. Motar ba ta dawo garaji ba tukuna. Duk Lahadi dattijon kan aiki saurayin tashar motocin Barmu da kile ɗaya da farar tasa, ya ce in ya same ta tana jiran lodi, ya roƙi direban minti goma.